Man Zaitun da Na Zaɓa wa Maigida

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Mun dawo da shi gida. Kwana shida a asibiti, ya rame har agogo na yawo a hannunsa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙa babbar mota, yau matakala huɗu ta ƙofar gida sai da ya tsaya a ta uku, ya yi kamar yana duba takalminsa. Ni ma na yi kamar ina neman makulli a jaka. Haka muke zaune da shi tun fil azal, kowa na taya kowa yin kamar.

Likitan bai kai ɗan cikina ba, amma ya iya bayani. Ya ce kitsen jini iri biyu ne, kwalastarol suke ce masa. Akwai mugu mai liƙewa a jijiya, akwai na kirki mai bin bayansa yana kwashewa kamar mai shara. Na Maigida mugun ya yi yawa, mai sharar kuma ya yi ƙasa. Ƙwayoyi za su danne mugun, na kirkin kuwa sai an haɗa da baki da ƙafa: a yar da sigari, a riƙa tafiya, a ci kifi da wake da gyaɗa da ganye, a ajiye kitse da soye-soye, a koma man zaitun. Sai ya ɗaga yatsa ya ce na gaske fa, ba jabu ba, ba kuma wanda ya tsufa ba. Bayan mako shida a dawo a sake gwada jinin.

Ni yake ɗaga wa yatsa. Shekara ashirin da shida ina sayar da mai a layin masu mai na kasuwa. In aka sauke kaya, ba a buɗe baki sai an ce a kira Hanci. Sunan da kasuwa ta sa mini ke nan, har wasu ba su san ina da wani ba.

A mota babbar 'yata, wadda nake kira Farfesa don ko ruwa ba ta sha sai ta tambayi wayarta, ta fara karanto mana sharuɗɗa. Wai a nemi kwalba mai duhu, wai a duba ranar da aka tsinki zaitun ɗin, wai za ta biya babban kanti ta sayo wa babanta mai hatimi. Na tambaye ta ko hatimin yana da hanci. Na ce ni zan zaɓa wa mijina mai, da hannuna, daga shagona. Na faɗa da ƙarfi don in ji ko ni ma zan yarda.

Talata, ƙarfe shida da rabi na safe

Sabulu, babu. Kanumfari, babu. Na buɗe kwalbar kananzir na kai ta hanci har ta taɓa leɓena. Babu. Yau kwana arba'in da ɗaya ke nan tun da murar nan ta sake ni. Ita ta tafi, amma ba ita kaɗai ta tafi ba.

Laraba, bayan la'asar

Dillali ya zo da samfur uku ya jera a kan bencina. Kafin ya gama jerawa an taru: matar nan mai gidan abinci, masu sari biyu da ke saye a wurina, da Mai Gilashi na shagon kusa, wanda ya jingina da ƙofarsa yana kallo kamar an ba shi tikiti. Kullum haka ake taruwa in zan ɗanɗana mai. A da daɗi nake ji.

Na ɗauko shuɗin kofina. Gwaggona da ta koya mini sana'ar ita ta bar mini shi. Shuɗi ne don kada ido ya ga launin mai, domin masu jabu da launi suke fara kama mutum, su ɗiga ɗan kore a man banza ka rantse daga gona yake. Na zuba kaɗan, na ɗora kofin a tafin hagu, na rufe bakinsa da dama har ya ɗumama. Na buɗe, na lumshe ido, na ja numfashi mai tsawo.

Ruwa. Kamar na shaƙi ruwan randa.

Amma fuska ta san aikinta ko mai ita ba ta nan. Na ɗan yamutsa ta a na farko, na ɗaga gira a na biyu. Sai na kurɓa. Abin da na dogara da shi ke nan: hanci ya tafi, harshe ya raka shi rabin hanya, amma maƙogwaro yana nan. Man gaske yana cizo a maƙogwaro, ya sa ka tari ɗaya ko biyu. Na farko ya wuce sumul. Na biyu ma haka, sai ɗan abu. Na uku ya kartar ni har hawaye ya zo.

Na ajiye kofi na ce na ukun. Na kwararo musu bayanin da na haddace tun ina budurwa, ƙamshin ɗanyen ciyawa da aka yanka da sassafe, da na ganyen tumatir, da ɗan ɗaci a gefen harshe. Mai gidan abinci tana gyaɗa kai kamar a wurin wa'azi.

Dillali ya dube ni ya dubi kwalbar.

"Na ukun, uwar ɗakina?"

"Ko kai za ka koya mini?"

Ya yi dariya ya ce wane shi. Duro biyu, ya ce gobe za a sauke. Bai ja ba, bai roƙi komai ba, har ya manta hularsa a kan benci. Shekara ashirin da shida sun koya mini cewa dillalin da ya amince da wuri akwai abin da yake gudu. Na sani. Na dai ga dama ban tuna ba sai yanzu da nake rubutawa.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Na cika kwalba ɗaya na kawo gida. Wake da ganye da ɗan kifi, na yaryaɗa masa cokali biyu a kai ɗanye, yadda likita ya ce ya fi. Ya kai baki, ya ɗan tsaya, ya haɗiye. Ya ce madalla.

Na tambaye shi ko ya ji cizon. Ya ce ya ji sosai.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Citta, babu. Turaren da ya sayo mini bara, babu.

Ya fara tafiyar safe. Daga ƙofar gida zuwa kantin magani ya dawo, hannu a baya kamar mai duba filin da zai saya. Aljihun rigarsa har yanzu yana da shatin kwalin sigari, hannunsa kuma yana zuwa wurin da kansa, ya tarar ba kowa, ya koma. Na so in yi masa tsiya. Sai na tuna ni ma kullum da safe ina kai hanci wurin da ba kowa.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Na ɗora shinkafa na zauna a bakin ƙofar kicin ina tsince wake. Taku uku tsakanina da murhu. Ban san komai ba sai ganinsa na yi ya taso daga ɗaki, ya wuce ni, ya kashe wuta, ya sauke tukunya ya kai bayan gida. Hayaƙi na bin sa. Ya dawo ya ce wutar gas ɗin nan ta fiye ƙarfi kwanan nan, ya kamata a duba ta.

Na ce ai kuwa, na daɗe ina so in faɗa.

Burodi muka ci da sauran wake. Cokali biyu. Madalla.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Farfesa ta zo duba babanta, ta kawo masa gyaɗa da kifin gwangwani da wata takarda da ta buga mai jerin abin ci da abin bari, ta liƙa a jikin firij kamar dokar gidan haya. Ina ɗaki na ji ta buɗe kwalbar. Sai ta leƙo da ita a hannu, ta ce Umma wannan man kamar yana warin tsohon fenti.

Na ce mata wanda ya saba da man kanti, da aka tace aka wanke aka kashe masa rai, dole man gaske ya yi masa ƙarfi. Na ce ni na goya ta a layin masu mai, da wannan hancin na biya mata makarantar da take zuwa yanzu tana koya mini wari. Ta ce to mu sa a firij mu gani, in ya daskare na gaske ne. Nan na samu inda zan tsaya, don wannan kam shirme ne. Na gaya mata akwai jabun da ke daskarewa sarai, akwai na gasken da ba ya yi, duk mai sayar da mai ya san haka, wayarta ce kawai ba ta sani ba. Na yi ta juya maganar firij har ta manta da maganar fenti. Wannan dabarar a kasuwa na koye ta: in an kama ka a hannun dama, ka ɗaga hagu ka yi ta kaɗawa.

Ta juya wurin babanta ta ce shi bai ji ba? Ya ce shi direba ne, warin da ya sani na taya ne da na birki, maganar mai a bar wa masu shi.

Ta tafi ba sallama. Na ci gardama. Ban san me ya sa tun ɗazu nake zaune kamar wadda aka kora daga wuri ba.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Fenti. Na je na buɗe gwangwanin da ya rage a bayan ƙofa don in tuna. Babu.

Asabar, bayan azahar

Mai gidan abinci ta dawo da jarka, an sha rabi. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce mutum biyu sun ture faranti, ɗaya ya tambaya ko da man inji aka haɗa salak ɗin. Ta ce ita ta san ba daga wurina ba ne, ƙila jarkarta ce.

Ta miƙo mini igiya da kanta, ni kuwa na kama. Na tambaye ta ina take ajiye jarkar. Ta ce kusa da murhu, a bakin taga. Na tafa hannu na ce ai shi ke nan, zafi da hasken rana su ne maƙiyan man zaitun, ko wane iri ne sai sun juya shi. Gaskiya ce tsagwaronta. Sai dai ba a kwana tara ba, kuma na sani. Ta ba ni haƙuri. Ita ta ba ni haƙuri. Ta ɗauki jarkarta tana cewa za ta sake wuri.

Mai Gilashi yana goge gilashinsa da gefen riga, ya ce ba tare da ya dube ni ba, wai kwana biyu Hanci ba ta ce masa shagonsa na warin ɓera ba, ko ta yafe masa ne. Na ce na gaji ne da gaya wa mutum abin da ya riga ya sani. Aka yi dariya a layi. Shi bai yi ba. Ya mayar da gilashin ya dube ni da kyau.

Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na ce za ni karɓo masa ƙwayoyi, na biya ɗakin likitan kunne da hanci. Ya leƙa, ya haska, ya ce jin wari yakan dawo, wani a wata uku, wani a shekara. Na ce wani kuma fa? Ya fara rubutu.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Cokali biyu. Madalla. Ya ƙara da ruwa kofi guda a kai, a da ba ya haka.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Tafiyarsa ta kai har gadar nan ta bayan makaranta. Ya dawo yana haki yana murna kamar wanda ya ci kofi. Sai dai abincin ne ba ya shiga. Yana tura ganyen gefe, ya ci kifin, sannan ya tattara sauran ya haɗiye da sauri ido a rufe. Yau na ji shi a bayan gida yana kakari. Ya fito ya ce ƙwayoyin ne ke tayar masa da zuciya. Na ce ai ƙwayoyin nan ba su da kirki.

Saura mako uku da 'yan kwanaki a koma gwaji. Na tsaya gaban takardar Farfesa na karanta har ƙasa. A layin ƙarshe ta rubuta da biro: man da ya lalace ya rasa amfanin da ake nema a jikinsa. Ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Rubutunta irin nawa ne, har yadda take karkatar da wasali.

Juma'a, ƙarfe bakwai na safe

Ban gwada komai ba yau.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Ina neman fitilar hannu a akwatin kayan aikinsa, ƙarƙashin sifana da tsumma, sai ga kwalba. Baƙa, doguwa, mai hatimi, ga ranar tsinka an buga ɓaro-ɓaro, watanni biyar da suka wuce. Na kanti. Ba a ko fasa murfin ba.

Na kai masa ita tsakar gida na dangwarar a gabansa. Na ce ashe har a gidana ake shigo da kaya ta bayan fage. Ya ce yarinyar ce ta kawo washegarin gardamar fenti, ta ba shi a bakin titi, ta roƙe shi ya riƙa sha a ɓoye. Na ce to me ya hana. Ya ce shi bai saba cin abinci a ɓoye ba.

Na ce ya dube ni ya gaya mini gaskiya, man nan nawa yaya yake.

Ya daɗe yana murza gwiwarsa.

"Kin tuna tsohuwar gyaɗar da muka manta a but ɗin mota wata shekara? To ita, a haɗa da kyandir."

"Tun yaushe?"

"Tun cokalin farko."

"Kwana goma sha bakwai kana ce mini madalla."

"Ai ba da man nake ba."

Na tambaye shi ko ya san abin da ke damuna. Ya ce tun kafin ya kwanta asibiti ya sani. Wai ranar da ya dawo ya sha sigari uku a jere, ya shigo ya zauna kusa da ni, ban ce masa uffan ba. Shekara talatin ina jin sigarinsa tun daga kan kwana, ina tare shi da tsiya a ƙofa. Ya ce ranar har ya ji ba daɗi, kamar ya shigo gidan wani.

Ya ce ya ga ina riƙe da abin da hannu biyu, shi ya sa bai taɓa ba. Ya ce a ransa mako shida ba wani abu ba ne, zai haɗiye.

Ya zaci zan gode masa. Na gaya masa abin da ya yi ba tausayi ba ne, raini ne. Ya zauna yana kallona ina zuba masa ruɓaɓɓen mai da hannuna, ina yi wa 'yata gori, ina ɗora wa baiwar Allah laifin tagarta, shi yana gefe yana madalla. Ya mayar da ni mahaukaciyar da ake bi da to. Da jijiyar zuciyarsa ya saya mini mutuncin da ban tambaye shi ba, in ya faɗi gobe kuma a ce Hanci ce ta kashe mijinta da man shagonta.

Hannunsa ya tafi aljihu, ya tarar ba kowa, ya dawo.

Litinin, bayan la'asar

Na aika aka kira Dillali. Ya zo da sabuwar hula. Na ce ya zo ya kwashe kayansa. Ya buɗe hannu ya ce shi bai ce uffan ba ranar, uku ya jera, ni na zaɓa a gaban shaidu, har ya tambaye ni sau ɗaya. Ya rage murya ya ce na ukun ragowar shekara biyu ne da ya kwana a sito mai rufin kwano, ya kawo shi ne kawai don cika layi, ya san Hanci za ta watsar tun daga nesa. Na biyun shi ne sabon. Mai Gilashi ya saye shi washegari.

Kartar da na ji ashe ba cizon ƙuruciya ba ne, na ruɓa ne. Maƙogwaro ba ya bambance su, aikin hanci ne.

Ba abin da zan kama shi da shi. Da ni ce a wurinsa, abin da zan yi ke nan.

Na kira mai yin sabulu ya zo ya ɗauke duro ɗaya da rabi da rana tsaka, layi na kallo. Na aika wa masu sarin nan biyu su dawo da nasu. Mai gidan abinci kuwa da ƙafata na je. Na ce ta mayar da jarkarta bakin taga in ta so, tagar ba ta yi komai ba. Ta tambaye ni me ya faru. Na gaya mata. Ita ce ta farko da na gaya wa da bakina, na kuma san ko na tara mutane a bakin kasuwa ba zai fi haka yaɗuwa ba.

Laraba, ƙarfe goma sha biyu na rana

An sauke kaya a layi. Na ji ana jera kwalabe a shagon kusa. Ba wanda ya ce a kira ni.

Wata mai sayen man gyaɗa ta ce mini sannu Hajiya. Hajiya. Ashe ina da wani sunan.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Farfesa ta zo. Ban ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Na miƙa mata kwalbar kanti na ce ta nuna mini inda ake duba ranar, don rubutun ƙanana ne. Ta nuna da farce. Na sa tabarau na karanta da kaina, harafi harafi, kamar 'yar aji ɗaya. Ta ce Umma ai da ma ke kika ce a nisanta shi da wuta da rana, haka wayar ma ta ce. Na ce to a gaishe da wayar.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Na fasa murfin. Na ɗauko shuɗin kofi, na zuba, na ɗumama a tafina yadda Gwaggo ke yi. Na ja numfashi don kada a ce ban gwada ba. Sannan na miƙa masa.

Ya riƙe kofin kamar zai fashe masa a hannu. Na ce ya rufe ido. Na ce in ya ce madalla zan kwara masa sauran a ka.

Ya shaƙa ya daɗe. Ya ce kamar in ka tsaya da mota a gefen hanya da sassafe bayan ruwa ya ɗauke, an yanke ciyawar bakin titi, ka sauke gilashi. Ya kurɓa ya yi tari biyu.

Saura kwana goma sha bakwai a koma gwaji. Cokali biyu a kan wake, ya cinye har ganyen.

Asabar, ƙarfe shida da rabi na safe

Sabulu, babu. Kanumfari, babu.

Gefen hanya, sassafe, bayan ruwa, a sauke gilashi. Na rubuta a nan don in haddace. Ya fi nawa bayanin, kuma masu saye ba su taɓa jin sa ba.